Tulun Ruwan Banaras

Ɗanbaba bai gama cire rigar aiki ba wayarsa ta ɗauki ruri. Ya kwana gadi a wani dogon bene a unguwar Al-Sadd ta birnin Doha, idanunsa kamar an zuba musu yashi, babu abin da yake so irin ya miƙe a katifa. Mutala ne, ɗan ƙanwarsa, wanda ke kai wa mutane abinci a babur.

"Kawu, ka zo Najma yanzu. Sun ce ni ɓarawo ne."

Kafin ya zo Doha, Ɗanbaba mai bin sawu ne a ƙasar Anka. In an kore shanun wani, shi ake tasa wa, ya bi su ta fadama da fako har ya tsaya a ƙofar gidan da suka kwana. Da daji ya lalace, bin sawu ya koma neman ajali, sai ya sayar da gonarsa ya yi biza. Sana'ar ta bar shi, amma ɗabi'ar ba ta bar shi ba: har yanzu ba ya iya tafiya sai da kai a sunkuye.

Lokacin ana tsakiyar gasar cin kofin duniya, gari ya cika ya batse, ko'ina tutoci da baƙi masu rigunan ƙwallo. Da ƙyar ya sami bas. Da ya isa lungun da shagon abincin Baijnath yake, tsakanin wani gidan canji da mai gyaran waya, ya tarar mutane sun yi cincirindo. Indiyawa ne da 'yan Nepal da 'yan Bangaladash, kowa na magana, babu mai sauraro. Mutala na zaune a bakin kwata da hular kwano a cinyarsa. An ƙwace makullin babur ɗinsa.

Abin da ya ɓata ɗan tulu ne na tagulla, wanda bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, an liƙe bakinsa da dalma. Yana ajiye a wani ɗan ɗaki bayan madafa, inda mai shagon ke ibadarsa, kusa da hoton mahaifiyarsa. Da asubar nan ya shiga kunna turare ya tarar da wurin wayam. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa komai ba sai shi.

Dalilin mutanen lungu a kan Mutala biyu ne. Yana da makullin ƙofar baya, don shi ke fara ɗaukar abincin safe. Sannan akwai ranar da aka gaya masa abin da ke cikin tulun, ya yi dariya a gaban mutane ya ce ai ruwan kogi ne kawai. Ba su manta ba.

Baijnath ya fito yana huci, wani jibgegen dattijo mai ɗigon rawaya a goshi. Cikin haɗe-haɗen Larabci da Turancin da kowa ke yi a Najma, ya ce ya ba da zuwa gobe da azahar. In tulu bai dawo ba, zai kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma sanar da kafil, wato ubangidan da bizar Mutala ke hannunsa. Kowa a wurin ya san ma'anar wannan: kurkuku, sannan jirgi. Ga matar Mutala a Gusau da tsohon ciki.

Ɗanbaba ya dubi ƙasa a ƙofar baya. Taron ya tattake komai. Ya ja Mutala gefe ya tambaye shi sau ɗaya, ido cikin ido. Mutala ya rantse. Ɗanbaba bai sake tambayarsa ba.

*

Ya nemi Baijnath ya ba shi wuri su zauna. Aka kawo masa shayi a ɗan kofin ƙasa, irin wanda ake sha a jefar, da kachori mai zafi, wato soyayyen curin fulawa da aka cusa wa niƙaƙƙen wake da yaji. Yunwa yake ji, amma bai taɓa ba. Ya tambayi dattijon me ya sa tulun ya kai a ɓata rayuwar mutum a kansa.

Baijnath ya nuna wani hoto da ya cika bango guda: gine-gine tsofaffi sun hau kan juna, matakala masu faɗi suna gangarawa har cikin wani babban kogi. Ya ce wannan ne Banaras, garinsu, inda mabiya addininsu ke zuwa daga ko'ina su yi wanka a kogin Ganga. Ya ce tun kafin gari ya waye ƙararrawa ke tashin mutum. Lungunan garin sun fi na Najma matsi, in saniya ta kwanta a tsakiya sai dai kowa ya raɓa ya wuce. A lungu guda za ka ji ƙamshin man shanu ana suya, da turare, da furannin da ake sayar wa masu ziyara, ga masu ɗauke da gawa suna wucewa da sassarfa zuwa bakin ruwa, mai kindirmo bai fasa kaɗa kindirmonsa ba. Da almuru kuma a jera fitilu a matakala, a saki wasu a kan ganye su bi ruwa, har kogin ya zama kamar an zazzage masa taurari. Tsofaffi na zuwa garin musamman don su mutu a can, domin a wurinsu wanda ya cika a Banaras ya huta ke nan. Wanda ajali ya riska a nesa kuwa, sai a ɗiga masa ruwan kogin a harshe.

Mahaifiyarsa ce ta ɗebo wannan ruwa da hannunta, ta kai aka liƙe, ta sa masa a jaka zuwansa gida na ƙarshe. Bayan nan korona ta zo. Ta ɗauke ta a lokacin da babu jirgi, a waya ya kalli yadda aka ƙona gawarta, cikin layin gawarwaki.

"A shekarar nan na ga yadda mutum ke mutuwa a nan, ba kowa a kansa," in ji shi. "Wannan tulu shi ne Banaras ɗina. Na ranar tafiyata ne."

Ɗanbaba ya tuna mahaifinsa da 'yar jarkar zamzam da ya ɓoye a ƙarƙashin gado shekara da shekaru, ya ce a yayyafa wa likkafaninsa. Addini ba ɗaya ba ne, kuma bai ga abin da ruwan kogi zai yi wa mamaci ba. Amma tsoron da ke idon mutumin ya gane shi sarai.

*

Ban da Mutala, mutum biyu ke aiki a shagon. Akwai Tek, ɗan Nepal mai kai faranti, gajere mai yawan magana. Akwai kuma Dulare, tsohon da ke suya, wanda Baijnath ya taho da shi daga Banaras tun buɗe shagon. Dukkansu suna sanye da rufaffen takalmi da safa, don saboda gasar masu duba tsafta ba sa ɗaga ƙafa.

Ɗanbaba ya sami Dulare a gaban kasko yana matsa ƙullu cikin mai, yana zana jalebi, wani irin alkaki mai naɗe-naɗe da ake tsomawa a ruwan sukari. Bai ɗago ba. Ya ce shi bai ga komai ba. Da aka matsa masa, ya ce jiya da rana wasu baƙi 'yan kallon ƙwallo sun leƙa ɗakin, sun ɗauki hoto, ɗaya har ya nemi a sayar masa da tulun. Ɗanbaba ya lura jalebi biyu sun ƙone a kaskon, amma ya ɗauka ruɗanin safiyar ne.

Maganar baƙin ba ta yi nisa ba. Mai gyaran waya ya ce a gabansa suka fito, hannunsu ba komai sai ledar jalebi, kuma Baijnath da kansa ya ga tulun bayan tafiyarsu, lokacin turaren yamma.

Tek ya rantse ya ga Mutala yana shawagi a ƙofar ɗakin. Mutala da ya ji haka ya tashi kamar zai shaƙe shi, ya ce to a tambayi Tek me ya naɗe a tawul ya fita da shi yau da sassafe ya nufi kasuwar gwanjo. Nan take Tek ya juya ya kama kwashe faranti.

Ɗanbaba ya taka zuwa kasuwar, inda ake jibge tsofaffin kujeru da firji da tukwane. Ya bi rumfa-rumfa yana kwatanta gajeren mutum da tawul, rana na dukansa, kansa na sarawa. Wani ɗan Sudan ya tuna da shi, ya shiga ciki ya fito da abin. Tukunyar dafa shinkafa ce ta lantarki. Ta abokan ɗakin Tek ce, ya yi musayarta da rigar 'yan ƙwallon Ajantina ba da saninsu ba. Ɗanbaba ya tsaya riƙe da murfin tukunya, bai san ko ya yi dariya ko ya yi zagi ba. Rabin yini ya tafi.

Ya yi azahar a wani ɗan masallaci, ya jingina da bango ko barci zai ɗauke shi. Ina. Da ya rufe ido sai ya ga ƙanwarsa ranar da ta damƙa masa Mutala a tashar mota. Ya miƙe ya koma shagon.

*

Wannan karon bai tsaya a ƙofar baya ba. Ya tambayi kansa, in shi ne ke ɗauke da abin da ba ya so a gani, ta ina zai bi? Ba ta lungu ba, inda masu shaguna ke zaune tun asuba. Bayan tukwanen gas akwai wani ɗan tsukin rariya tsakanin ginin da katangar maƙwabta, wanda sai mutum ya karkace zai wuce. Ba mai bi ta nan, saboda na'urorin sanyaya ɗaki na ɗiga ruwa dare da rana. Masu gyaran titi sun bar ragowar yashi mai laushi a ciki, ruwan ya jiƙa shi ya dame.

Ya durƙusa. Ga sawu nan, ɗanye, na mutum ɗaya, yana fita bai dawo ta nan ba.

Ba takalmi.

Ya daɗe a tsugune. Taku ne gajeru, a daidaice, dunduniya na sauka a hankali. Ya bi sawun ɓarayi fiye da yadda zai iya tunawa, ya san nasu: tsawon taku, yatsu na tona ƙasa, nan da can a juya a dubi baya. Wannan ba gudu yake ba. Tafiya ce irin ta matar da ta ɗauko ƙwaryar nono cike taf. Bangon duka gefen biyu ƙura ce, amma babu inda aka dafa, wato hannu biyu na riƙe da kaya. Ga fasassun kwalabe a rariyar, amma mutumin ya zaɓi ya taka su da tafin ƙafa. Wanda ya raina abu ba ya tuɓe masa takalmi.

A ƙafar dama kuma, babban yatsa bai fito a inda ya kamata ba. Ya hau kan na kusa da shi, wurinsa ya bar fili.

Ya bi sawun har bakin babban titi, inda tasi ke tsayawa. A nan ya ƙare.

*

Bayan la'asar, kafin masu cin yamma su fara zuwa, ya sa Baijnath ya sauke ƙofar shago. Ya ɗebo jiƙaƙƙen yashi a babban faranti ya baje a tsakar ɗaki. Mutanen lungu sun manna fuska a gilashi suna leƙe. Daga wani shago ana jin ihun masu kallon wasa.

Ya gaya musu abin da ya gani, a taƙaice. Ya ce kowa zai tuɓe ya taka da ƙafar dama.

Mutala ya riga kowa. Ƙafarsa doguwa, yatsu a baje. Tek ya taka yana mita, tasa gajera kamar ta yaro. Ɗanbaba ya dubi Baijnath. Dattijon ya fusata, ya ce shi za a tuhuma da satar kayansa? Ɗanbaba ya ce shi ma an tuhumi ɗansa ba shaida. Baijnath ya yi tsaki ya tuɓe ya taka. Ba shi ba ne.

Dulare ya ja kujera ya zauna. Ya kwance igiyar takalminsa a hankali, ya zare safa, ya miƙe ƙafar a gabansu. Babban yatsan na kwance a kan ɗan'uwansa. Bai ko kusanci farantin ba.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Ni ne."

Baijnath ya zuba wa Dulare ido. Shekara da shekaru suna cin abinci a faranti ɗaya.

Dulare ya ba da labarin kansa a ƙasa. Akwai wani Sukhram, ɗan masu kwale-kwale a Banaras, wanda ya daɗe yana wanke-wanke a shagon nan. Da korona ta sa aka rufe shaguna, Baijnath ya sallame shi. Ya koma aikin gini, zafi ya cinye masa ƙoda. Yanzu yana kwance a asibiti, likitoci sun ce sai dai jira. Duk Juma'a Dulare na zuwa duba shi. Zuwan ƙarshe Sukhram bai roƙi a kai shi gida ba, ya san ba zai kai ba. Ɗigo ɗaya kawai ya roƙa.

Baijnath ya ce me ya hana a tambaye shi.

"Na gaya maka yana asibiti," in ji Dulare. "Ka ce ayya, ka ci gaba da kallon waya. Da na ce tulu, me za ka ce?"



Niyyarsa, in ji tsohon, ya ɗiga masa ya dawo da tulun kafin a buɗe shago. Ya yi wanka tun duhun asuba, ya ɗauka ya fita. Amma da ya fasa dalmar ya ɗiga masa, Sukhram ya kama tulun da hannu biyu ya rungume a ƙirji, ya ƙi saki. Shi kuma ya kasa ɓamɓare yatsun mai mutuwa. Ya dawo ta ƙofar gaba ya tarar an riga an kama Mutala. Ya yi shiru don ya san in ya faɗa, a take za a je a ƙwato. Ya ce da zarar Sukhram ya cika zai fito ya faɗi gaskiya.

Mutala ya matso. "Wato kai kana jiran mutuwar wani, ni kuma ina jiran 'yan sanda. In ya kai mako fa? Ka san inda zan kasance?"

Dulare ya haɗa tafin hannunsa biyu ya sunkuyar da kai. Mutala ya ce ya riƙe gaisuwarsa. Ya miƙa wa Baijnath hannu, aka sa masa makullin babur, ya ɗaga ƙofa ya fita ta tsakiyar mutanen da ɗazu ke kiransa ɓarawo. Kowa ya kauce ya ba shi hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Baijnath ya mayar da takalminsa. "Yalla, mu je," ya ce. "Ku kai ni. Zan karɓo kayana."

*

Ɗanbaba ya bi su ne don gudun kada a yi abin kunya a ɗakin marasa lafiya. Suka hau tasi. Hanya ta cushe da motoci masu tutoci da oda, direba na ta ƙunƙuni.

Sukhram ya ƙanjame, fuskarsa ta kumbura, ga robobi a hannu da hanci. Tulun na kan ƙirjinsa, an toshe bakin da auduga. Baijnath ya shiga da saurinsa, ya isa bakin gadon, sai ya tsaya cak. Mara lafiyan ya buɗe ido. Da ya gane wanda ke tsaye, tsoro ya bayyana a fuskarsa. Ya yi ƙoƙarin ɗaga tulun ya miƙa, hannuwan suka kasa, yana ta motsa baki.

Ɗanbaba na daga ƙofa yana kallo. Ya ga hannun Baijnath ya tafi kan tulun, ya ga yatsunsa sun kewaye wuyansa. Aka ɗan jima a haka. Sannan dattijon ya danna shi a hankali ya mayar kan ƙirjin, ya ɗora hannun Sukhram a kai, ya jawo kujera ya zauna da nauyi.

Ya fara magana da harshensu, ƙasa-ƙasa. Ɗanbaba bai ji ko kalma ba. Dulare ya raɗa masa cewa hanya yake kwatanta wa Sukhram: daga tashar jirgin ƙasa, a bi ta kasuwar furanni, a wuce mai kindirmon nan gurgu, a karya ta lungun da ke gangarawa unguwar masu kwale-kwale. Shago-shago yake kiran suna. Da ya ambaci wani wuri, Sukhram ya girgiza kai ya gyara masa, ashe mai shayin ya koma ɗaya gefen tun tuni. Baijnath ya karɓi gyara ya ci gaba.

Ɗanbaba ya duba agogo. Lokacin aikinsa ya kusa, bai runtsa ba tun jiya. Ya bar su ya fita neman bas.

*

Sukhram ya cika bayan kwana biyu, Baijnath na kansa. Ranar shagon bai buɗe ba, duk da cewa ranar babban wasa ce, lungu cike da masu neman abinci.

Mutala bai koma ba. Ya sami wani wurin aiki a unguwar Al Gharrafa. Baijnath da Dulare sun je har ɗakinsa, Ɗanbaba ya raka su, suka ba shi haƙuri a gaban abokan kwanansa. Ya ce ya yafe don Allah, amma shi da shagon nan har abada. Abincin da suka kawo ma bai ci ba, abokan ɗaki ne suka cinye.

A hanyar dawowa tsofaffin biyu na tafe ba sa yi wa juna magana, ɗaya a gaba, ɗaya a baya da kwanukan da aka juye. Ɗanbaba ya tambayi Baijnath ko akwai sauran ruwa a tulun.

"Kaɗan," in ji shi. Ya yi 'yan taku, sannan ya nuna bayansa da babban yatsa ba tare da ya waiwaya ba. "In ba a yi ɓarna ba zai ishi mutum biyu. Ni da wancan tsohon ɓarawon."